Ya Wuce Bai Waiwaya Ba

Litinin, 7 ga Oktoba 1996, bayan azahar

Kunnena ya gaji da waƙar nan. Kawu Ya'u ya ce in dai tuwonsa nake ci, kuma teburin kaset ɗinsa nake tsarewa a shataletalen Circle, to abin da jama'a ke saye shi za a sa a lasifika. Abin da jama'a ke saye kuwa ɗaya ne tak: "Ya Wuce Bai Waiwaya Ba", waƙar farko ta Yatsu Biyar. Direbobin motocin haya na trotro suna saye, 'yan makaranta suna saye, har wata Baturiya da rana ta gasa wa fuska ta tsaya tana kaɗa kai kamar ta san abin da ake faɗa.

Sunansu Yatsu Biyar, amma mutum huɗu ne a jikin kwalin. Mashud a gaba ya turo baki, sai Alidu, Garuba da Seidu. Wanda ya duba da kyau zai ga wani hannu a kafaɗar Seidu, hannun da ba shi da mai shi. Nawa ne. Almakashi suka sa wa hoton suka cire ni, hannun ya ƙi fita sai an haɗa da wuyan Seidu. Har agogona yana nan.

Ba hassada nake yi ba. Ina rubutawa ne don kada in faɗa wa wani.

Talata, da hantsi

Ni na tsara waƙar, kuma ga yadda na tsara ta: "Ta wuce ba ta waiwaya ba." Ta. Mace. Zuera, mai koyon ɗinki a Maamobi, wadda ke bi ta gaban teburina in an aike ta sayen zare. A garinmu Katsina ko yaron goye ya san mace "ta" ce. Amma a unguwarmu Nima, nan ƙasar Gana, mace "ya", namiji "ya", akuya "ya", mota "ya". Tun ina ɗan shekara goma sha biyu da Kawu ya kawo ni garin nan nake gyara wa Mashud baki, har yau uwarsa "ya tafi kasuwa".

Ranar da muka shiga ɗakin ɗaukar murya na Bra Kwei a Kokomlemle, abin da ya tsayar da mu ke nan. Mashud in ya kama "ta" sai kiɗa ya kuɓuce masa, in ya kama kiɗa sai "ta" ta kuɓuce. Bra Kwei ɗan ƙabilar Ga ne, ko "zo ka ci" bai sani ba da Hausa, amma shi ne ya yanke hukunci wai "ya" ta fi zama daidai a kan ganga. Suka yi dariya. Na faɗi abin da na faɗa, na ɗauki hulata na fita. Suka ɗauka ba da ni ba.

Ko yau aka sake, abin da zan yi ke nan.

Laraba, da yamma

Wai ana jin ta a Abidjan da Lome. To, a ji.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Alidu ya zo teburi. Farin kambas sabo fil a ƙafarsa, yana taka ƙasa kamar mai tsoron kada ta ji ciwo. Alidun da muke karɓa-karɓar silifas ɗaya da shi in za mu bayan gida.

"Cale, aboki na Lauwali, ka ji magana? Turawa ya kira Bra Kwei. London! Waƙan ya shiga rediyo can paa, sosai."

Na ce, "Waƙar. Ta shiga."

"Ka gani? Ciwon ka ke nan." Ya ja benci ya zauna ba wanda ya ce masa bismilla. "Asabar biyu ga wata mai zuwa za mu tashi. Fasfo namu duka biyar yana hannun Bra Kwei tun bara, ya sa sunan ka. Amma ya ce wanda ya shiga jirgi shi ne Yatsu Biyar. Wanda bai shiga ba, shi ke nan, Turawa ba ya ƙara mutum daga baya."

Na ce zan zo in za a sake ɗaukar waƙar da "ta".

"Kaset ya kai London za ka ce a canza? Kai ne fa ka ce Hausan mu Hausan kwata ne, a gaban Bra Kwei, a gaban kowa. Mashud bai ce ka ba shi haƙuri ba ma. Ya ce ka zo gida mu yi rihasal, kawai."

Na ce ina da ciniki. Ba kowa a gaban teburin. Ya dube ni, ya dubi titi, ya tashi. Yana tafiya wani yaron mota ya gane shi ya kwarma ihu, nan da nan mutane suka yanyame shi. Ni na koya wa Alidu yadda ake jan numfashi kafin baiti, a da kamar rago yake huci.

Lahadi, bayan la'asar

An nuna su a talabijin. Duk gidanmu an taru a ɗakin mai gida, yara har kan taga. Ni ruwa na je sha, randar ce kusa da ƙofar.

Rawar da na tsara a bayan makarantar Islamiyya ita suka yi, taku ɗaya ba su canza ba. Sai dai ko tsayuwa a layi ba su iya ba: tsakanin Seidu da Garuba akwai fili, wanda mutum guda zai shiga ya juya. Kuma wurin da muryata ke hawa sama a amshi, ba wanda ya hau, ganga kawai aka bari tana tafiya. Ai dole. Wa zai kai can a cikinsu?

Matar mai gida ta juyo ta ce, "Lauwali, ba abokan ka ba ne?" Na ce na san su.

Ruwan ma ban sha ba.

Talata, da hantsi

Wani Alhaji ɗan Kano mai safarar goro ya kwashi kwali guda na kaset ɗin zai tafi da shi gida. Da na ji Hausarsa sai da raina ya yi sanyi, kamar na sha furar gida. Ya ce a Kano waƙar ta zama annoba, har a gidan biki. Wai mata kuka suke yi in an sa ta, waɗanda 'ya'yansu suka tafi Ikko ko Libiya ko Makka aka daina jin ɗuriyarsu. Shi ma ƙanensa yake tunawa.

Ya ce, "Kai da na ji bakinka na gida ne, wannan da ya wuce ɗin, wane ne? Wansu ne?"

Na ce, "Mace ce, Alhaji. Waƙar soyayya ce. Hausa ce ba su iya ba."

Ya ɓata fuska ya ce, "Kai, kada ka lalata mini abu." Ya sa aka ɗora wa ɗan dako kwalin, ko sallama bai yi mini ba.

Ga inda duniya ta kai. Kuskure ya ƙetare ƙasa uku yana sa mata kuka, daidai kuma yana zaune a Circle yana korar ƙuda.

Laraba

Ba hassada ba ce.

Alhamis, bayan la'asar

To, hassada ce. Na rubuta. Ina jin ta a nan ƙasan haƙarƙarina kamar na haɗiye garwashi. Ina jin haushin takalmin Alidu, ina jin haushin yadda Mashud ke lumshe ido a amshi, ina jin haushin muryarsa da ta yi daɗi. Ta yi daɗi, wannan ne abin da ya fi ci mini rai. Na so a ce ya ɓata ta.

Asabar, da safe

Zuera ta tsaya a teburina. Ba wucewa ta yi ba, tsayawa ta yi, da tef ɗin awo a wuyanta. Sai ta buɗe baki ta ce:

"Mashud ya ce in auna ka. Madam namu ya samu aikin rigan tafiya, ni ne nake ɗinkawa. Riga biyar Mashud ya ce."

Mashud ya ce. Sau biyu a numfashi ɗaya. Na tambaye ta tun yaushe Mashud ya san hanyar shagonsu. Ta ce tun da aka ba su aikin, kullum yana zuwa duba ɗinki, har yana kawo musu cicinga, tsiren garin nan. Na ce ba na bukatar riga, ina da riguna.

Ban san abin da ya hau kaina ba, sai na ji bakina yana cewa, "Kin san waƙar nan ke aka yi wa? Ni na yi ta. Ke ce kike wucewa ba kya waiwaye."

Ta yi dariya har tana dafa teburi.

"Ni? Ni ina waiwaya mana! Kullum in na kai wajen mai lemu ina waiwaya. Kai ne kan ka yana ƙasa, kana juya kaset da biro."

Ta miƙo tef ɗin, na matsa baya. Ta kalle ni daga kafaɗa zuwa ƙugu, ta motsa baki kamar mai lissafi, ta tafi. Na sunkuya neman murfin biro. Ban sani ba ko ta waiwaya.

Litinin, da sassafe

Tun watan Yuni nake zagayawa ta bayan gada don kada in bi ta gaban Mma Lamisi, uwar Mashud, inda take sayar da koko da ƙosai. Yau an toshe hanyar da tulin yashi, dole na biyo. Na sauke kai na ƙara sauri.

"Lauwali! Zo nan."

Na je na durƙusa na gaishe ta. Ba ta amsa ba sai da ta cika kofi da koko, ta zuba ƙosai a takarda, ta ƙara guda biyu kamar yadda ta saba yi mini.

"Na ji Hausa na na kwata ne," in ji ta, tana juya ƙosai a mai, ba ta ko dube ni ba. "Ba komai. Ni Bolga aka haife ni, a Nima na tsinci Hausa. Amma da shi na ce maka zo ka ci, ranan da Kawun ka ya kawo ka kana kuka. Ka ji shi ranan, ko ba ka ji ba?"

Na ce na ji, Mma.

"To ci. Ɗan'uwan ka ba ya barci. Asabar ne fa."

Na ci.

Laraba, bayan la'asar

Na je. Allah ya gani na je. Na sa rigata mai kyau na bar wa Kawu teburi, na ce kaina ke ciwo.

Tun daga bakin lungu nake jin su. Yara sun cika ƙofar gida, 'yan mata a kan katanga. Na kutsa har zaure na leƙa tsakar gida. Ga su a layi, da filin nan tsakanin Seidu da Garuba. Mashud yana tsaye da sabuwar riga shuɗiya mai aiki a wuya, ya buɗe hannuwa, Zuera na durƙushe a gabansa da allurai a baki tana kama masa gefen rigar. Ya faɗi wani abu, ta yi dariya har allura ta faɗi. Ya sunkuya ya ɗauko mata. Sai aka buga ganga ya ɗaga murya: ya wuce.

Na juyo. Wani ya ce, "Ga Lauwali!" Na ji an daina kiɗa. Na bi ta lungun masu wanki, wanda ba ya ɓullewa ko'ina sai bakin kwata, na tsallaka.

Waƙata, rawata, yanzu kuma har da ita.

Juma'a

Kawu ya ce, "Gobe in kana son hutu ka ɗauka." Na ce hutun me?

Asabar, 2 ga Nuwamba, bayan magariba

Kaset ɗin Indiya sun hargitse tun makon jiya, dole a shirya su. Abin da nake yi ke nan da la'asar, na ba titi baya, ina jera su a katakon sama.

Filin jirgi yana gabas da Nima, Circle tana yamma. Ba hanyarsu ba ce. Amma na ji tasi ta tsaya a bayana, na ji ƙofa ta buɗe.

"Lauwali!"

Muryar Mashud. Ko cikin barci na san ta.

"Lauwali, fasfo naka yana nan. Ba sai ka ɗauki kaya ba, zo haka. Cale, zo mana!"

Kawu ya taka mini ƙafa. Motocin baya suka fara oda, wani direban trotro yana zagi da yaren Twi. Akwai wani kaset da kwalinsa ya tsage, na tsaya ina gyara shi. Na ce a raina in ya sake kira sau ɗaya zan juya. Ya sake kira. Na ce in ya ce "waƙarka" zan juya. Ɗan sanda ya busa usur. Na ji an ajiye wani abu a kan teburi, ƙofa ta rufu.

Da na juyo, wata motar burodi ce a wurin.

Leda ce suka bari. Ban buɗe ba. Sai da muka rufe muka zo rabuwa Kawu ya ce, "Ubanka ma haka yake," ya shige masallaci.

Lahadi

Ba abin rubutawa.

Talata, da yamma

Na buɗe ledar. Shuɗiyar riga ce mai aiki a wuya. Ta zauna mini cif, kafaɗa da hannu da tsawo, kamar an auna. Na cire na ninke na sa ƙarƙashin katifa.

Zuera ta wuce yau. Na ɗaga kai tun daga nesa, na ajiye biro, na bi ta da ido har wajen mai lemu. Ta wuce ba ta waiwaya ba. Yau kam waƙar ta yi daidai yadda na tsara ta, ban kuma ji daɗin komai ba.

Asabar, bayan azahar

An yi ta sanarwa za a yi hira da su a sashen Hausa na wani gidan rediyo a London. Masu goro, masu canji, masu gyaran takalmi, duk suka taru a kan rediyon Kawu. Na ce zan je sayen batir. Kawu ya ce batir sabo ne, zauna.

Mai tambayar Bakano ne, ana jin murmushi a muryarsa. Ya ce an sayar da waƙar a ƙasashen da ba su ma san akwai Hausa ba, ya ce Turawa na rera amshin a gidajen rawa. Sannan ya ce, "To Malam Mashud, mun san ku mutanen Gana da 'ya' ɗinku. Masu sauraro sun dame mu da tambaya. Wannan da ya wuce, mace ce ko namiji?"

Aka yi dariya a teburi. Ni ma na yi, na gyara zama in ji yadda zai kunyata mu a duniya.

Mashud ya gyara murya. Sai ya ce:

"Da farko mace ne. Wanda ya yi waƙan, mace ya yi ma. Amma ranan da za mu ɗauka, ɗan'uwan mu ya yi fushi ya fita. Mun bi shi har titi muna kiran shi, bai waiwaya ba. Muka koma ciki muka yi waƙan haka. Tun ranan, in na ce 'ya', shi nake nufi. Shi ne ya yi waƙan, shi ne ya yi rawan. Sunan shi Lauwali, yana Circle yana sayar da kaset."

Duk teburin aka juyo ana kallona.

Mai tambayar ya ce ko za a ga na biyar ɗin nan gaba. Mashud ya ce Turawa sun rufe magana, huɗu ne. Sannan ya ce, "Amma na iya abin fa yanzu. Rigan nan da muka sa, Zuera ta ɗinka. Ka ji, Lauwali? Ta ɗinka."

Ban san sun biyo ni titi ranar ba. Wallahi ban sani ba. Na ji kamar ana kira, na ɗauka masu trotro ne.

Na shiga bayan katakon kaset na zauna a ƙasa. Kawu ya ƙara ƙarar rediyo don kada a ji ni.

Litinin, 18 ga Nuwamba, da hantsi

Har yanzu ina jin garwashin. Jiya an ce sun wuce Jamus, sai da na kasa cin tuwo. Ban zama waliyyi ba don an ambaci sunana a rediyo. Suna can, ina nan, kuma haka za a tafi.

Da safe na bi ta gaban Mma Lamisi da ƙafata, ba yashi ba komai. Ta ce, "Mashud ya kira waya gidan Bra Kwei, ya ce sanyi zai kashe shi." Ta ƙara mini ƙosai biyu.

Alhajin Kano ya dawo neman wani kwalin. Bai ji hirar ba, yana hanya lokacin. Ya ɗauki kaset ɗaya yana juyawa, ya kai shi kusa da ido.

"Wai hannun wane ne wannan a kafaɗar yaron nan?"

Na janye hannuna daga kan teburi na sa a aljihu, da agogon da komai.

Ya ce, "Kai ne rannan ka ce mini mace ce ko? Na faɗa wa mutane a Kano, saura kaɗan su doke ni. Tsakaninka da Allah, mace ce ko namiji?"

Lasifika na kai daidai amshin, wurin da ba kowa sai ganga.

Na ce, "Namiji ne, Alhaji. Hausarsu daidai take."